Awon Mama Talatu

Ku yaran yanzu, da kun ga mutum riƙe da guduma sai ku ce ai kafinta ne, me ke cikin aikin ban da buga ƙusa? To ku gyara zama. Ni Sabo, shekara arba'in da 'yan kai ina shaƙar garin katako a Tudun Murtala, yatsuna tara da rabi suka rage, kuma har gobe akwai aikin da in na tuna shi sai na ajiye zarto na nemi wuri na zauna. Ku da kuke zuwa da waya a hannu kuna nuna min hoton kujera, kuna cewa a koya muku cikin wata uku, labarin aikin nan zan ba ku.

Ubangidana Malam Ali, Allah ya jiƙansa, Ali Mai Akwati ake ce masa. Shi ke yi wa Turawa da Kwarori akwatunan kaya in za su bar gidajen Nassarawa su koma ƙasarsu. Ranar da mahaifina ya kai ni wurinsa, na zaci zarto zai miƙo min. Guntun fensir ya ba ni, ya ce in maƙala a kunne. Shekara guda cur ban yanka ko tsinke ba, sai awo da rubutu. Dokarsa ɗaya ce: duk falankin da aka yanka, a rubuta a cikinsa, ta ɓangaren da ido ba ya gani, sunan mai kaya, da awon, da inda falankin zai zauna, sama ko ƙasa, gaba ko baya. In ka manta, ƙeyarka ce za ta tuna maka. Na sha mari a kan fensir fiye da yadda na sha a kan guduma, har abin ya zame min jiki, hannuna na rubutawa ko kaina yana wani wuri.

Abu na biyu da ya koya min shi ne, ba a ƙera akwati sannan a tafi neman abin da za a sa ciki. Kayan ake fara aunawa. In akwati ya yi wa kaya yawa, za su yi ta rawa a mota har su farfashe. In ya matse su, katakon ne zai tsage. Sannan ɗanyen katako ba ya shiga jirgin ruwa. Zai yi gumi a hanya, ƙarfe ya yi tsatsa, takarda ta yi funfuna. Ƙwanƙwasa shi ake yi da bayan yatsa a saurara. Busasshe yana amsawa, ɗanye kuwa shiru yake yi kamar an bugi buhun gari.

Shekarar da zan ba ku labarinta, ban taɓa ganin irinta ba. Kayan ɗaki na garin katako da aka matse da gam sun cika kasuwa, suna ta ƙyalli, amare ba sa kallon namu. Masu koyon aiki a wurina duk suka watse, kowa ya kama tuƙin adaidaita sahu. Na zama ni kaɗai a shago, ni ne mai riƙe falanki, ni ne mai turawa a inji, a haka injin ya tafi da rabin wannan yatsan. Ciwon bai gama warkewa ba aka aiko a kira ni Nassarawa, wai Injiniya Bitrus yana nemana.

Injiniya Bitrus mutumin wajen Zariya ne, Kirista, dogo, mai sanyin magana. Na taɓa yi masa ƙofofi da kantar littattafai. Gidan nan tsohon ginin Turawa ne, mai baranda da manyan darbejiya, mota biyu a gareji. Mutum yana kan ganiyar aikinsa ya ajiye, wai za su tafi aikin bishara shi da matarsa Madam Rifkatu da 'ya'yansu biyu, can wani tsibiri a bayan teku, wanda sunansa ma ya ƙi zama a bakina. Zai riƙa haƙa wa mutane rijiyoyi yana wa'azi, ita kuma ta koyar a makaranta. Na ce, “Injiniya, duk rijiyoyin da ba a haƙa ba a ƙasar nan?” Ya yi dariya ya ce, “Malam Sabo, inda aka aike ka nan kake zuwa.” Ban ja ba, kowa da addininsa. Akwati goma sha ɗaya yake so, cikin mako uku, kafin motar da za ta kai su Legas ta zo.

Aka fitar da motocin, gareji ya zama shagona. Katakon afara busasshe na zaɓo da hannuna. Akwatin farko na keken ɗinkin Madam ne, na yi masa matashi na katako ta yadda kan keken ba zai motsa ba. Na biyu da na uku na ƙarafan aikin rijiya, su na ninka wa gindi. Tukwane, kwanuka, zannuwan gado, littattafan yara. Madam ta dage sai an tafi da turminta da taɓarya, Injiniya ya ce can ma suna daka, ta ce ba da nata turmin ba. Kullum mutanen cocinsu na zuwa, a yi waƙa a falo, a yi addu'a, mata su fito suna share ido, wani ya tafi da firji, wani da labule. Gidan yana ta raguwa a kan idona.

Mutum ɗaya ce ba ta shiga hidimar: mahaifiyar Injiniya, Mama Talatu. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ta haura tamanin, kullum da ɗankwali fari da baƙin silifas. Ita ba za a tafi da ita ba. An shirya za ta koma Zariya wurin 'yarta Hannatu, kwana ɗaya bayan motar Legas ta tashi. Takan jawo kujera ta zauna bakin gareji tana kallona, wani lokaci ta miƙo min ƙusa. Na lura in ta zauna sai ta dafe gefen cikinta, in ta ji takun ɗanta sai ta sauke hannun.

A falon akwai wani teburin cin abinci na maɗaci, na marigayi mijinta, wanda malamin makaranta ne. Irin katakon da yanzu ko da fitila ba ka samu: ja wur, kauri inci ɗaya da rabi, mutum huɗu ke ɗaga shi. Kamfanin jirgi suka ce nauyinsa ya yi yawa a tafi da shi haka. Injiniya ya shafa shi ya ce a kansa ya koyi rubutu, sannan ya ce, “Mama, ki yi yadda kike so da shi.”

Ranar wata Talata da hantsi, sun tafi karɓar allurar rigakafi su duka, Mama ta zo ta tsaya a kaina.

“Malam Sabo, teburin nan zai fitar da akwati guda?”

“Har da canji, Mama. Me za a sa ciki?”

“Ni.”

Na ɗago, na zaci wasa take. Ba ta yi dariya ba. Ta ce wata biyu da suka wuce Hannatu ta kai ta asibiti a Zariya, likita ya ga abu a cikinta, ya ce ya riga ya yi nisa, ba za ta ga wata Kirsimeti ba. Ita da Hannatu kaɗai suka sani.

Na ce, “Subhanallahi! Mama, ai Injiniya ya kamata ya ji.”

“In ya ji ba zai tafi ba. Sau biyu yana fasawa saboda ni, da babansa ya rasu, da na karye a ƙafa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake cewa an kira shi. Yanzu furfura ta fito masa. In ya fasa na uku, ba za su sake kiransa ba, ni kuma ba zan ƙara kwana ɗaya don ya zauna ba.”

Na ce mata ni Musulmi ne, mu likkafani da makara muka sani, ban taɓa ƙera akwatin gawa ba, balle na mai rai da ke tsaye a gabana tana magana. Akwai masu yin su a Sabon Gari, har da gilashi da hannuwa masu ƙyalli. Ta ce ba ta son ƙyalli. Ɗanta ba zai kasance wurin ba ya zaɓa mata, to ita za ta zaɓa da kanta, kuma a kan katakon da ta yi shekara arba'in tana ajiye wa mijinta tuwo take so ta kwanta. Ta ce, “Ka yi shi kamar sauran, miƙaƙƙe, kada ka tsuke ƙafar. In Bitrus ya tambaya, kayana ne za a kai Zariya.”

Wallahi raina bai so ba. Amma na karɓa, don ban ga ta inda zan ce wa tsohuwar nan a'a ba.

Sai maganar awo. Ba zan ce wa uwar mutane ta kwanta a ƙasa in ja mata tef ba. A bangon garejin akwai zane-zanen fensir, inda ake auna tsawon jikokinta duk shekara, kowane layi da sunan mai shi. Ta cire silifas ta jingina a gefen layukan, na ɗora sikwaya, ƙarfen awon kusurwa, a kanta na ja layi. Babban jikan ma ya fi ta. Kafaɗa kuwa ita ta auna da zare, ta ƙulle, ta miƙo min. Ƙafa biyar da inci ɗaya, kafaɗa inci goma sha shida. Na ƙara abin da ya kamata a ƙara don a sami sarari. Ta ce in goge layin bangon, na goge.

Kwana huɗu na yi a kan akwatin nan, a tsakanin sauran aiki. Maɗaci mai shekaru ba ya son ƙusa, tsagewa yake yi. Da kurfi na fitar masa da haƙora a kusurwa, kowane haƙori ya shige cikin ɗan'uwansa, na sa gam. Murfin na yi masa ramukan sukuru takwas. Na bi shi da samfefa har sai da hannu ke zamewa, ban shafa masa komai ba sai ɗan mai. A duk shekarun da na yi ina aiki ban fitar da abu mai kyansa ba. Na tura shi can ƙuryar gareji na rufe da tsohuwar tabarma.

Ana gobe motar Legas za ta zo, da la'asar, lissafi ya ƙwace. Littattafan Injiniya sun fi yadda muka auna, don mutanen coci sun yi ta kawo masa kyautar Littafi Mai Tsarki da na waƙoƙi ya kai wa mutanen can. Akwati goma sha ɗaya sun cika, an buga murafensu, ga tsibin littattafai a ƙasa. Ya shiga zagaya gareji yana neman ko kwali ne, sai ya yaye tabarmar.

Ya daɗe a tsaye. Ni kuwa guduma na hannuna, na kasa ajiye ta. Mama na kan kujerarta a bakin ƙofa. Ya durƙusa, ya shafa murfin, ya kai yatsa kan wani baƙin tabo, inda fitilar ƙwai ta taɓa ƙona teburin.

“Teburin Baba ne wannan!” Ya juyo, fuskarsa kamar ta yaro. “Mama! Ashe abin da kika yi ke nan? Kin sa an mayar min da shi akwati don in tafi da shi? Rifkatu, zo ki gani!”

Madam ta fito, yara suka fito, ana ta shafawa. Ya dube ni ya ce, “Malam Sabo, ashe da kai aka haɗa baki?”

Bakina ya buɗe. Na rantse muku maganar ta zo har kan harshena. Kalma uku ce kawai, in na faɗe ta, motar gobe ta koma babu kaya, mutumin nan ya zauna ya yi jinyar uwarsa, ya rufe ta da hannunsa. Na dubi Mama. Ba ta girgiza kai ba, ba ta yi min alama ba, kallona kawai ta yi. Sannan ta juya wurin ɗanta.

“Naka ne, Bitrus. Ka sa littattafanka.”

Ya rungume ta har ƙafarta ta bar ƙasa, na ga ta cije leɓe don zafi, shi bai gani ba. Ta sa aka matso da kujerarta, tana karɓar littafi ɗaya ɗaya tana goge shi da gefen zaninta, tana miƙa masa yana jerawa. Tsawon ya yi daidai da layi uku, kamar don su aka yi. Har yana yaba min, wai idona awo ne.

Sai da littattafai suka kai rabi na tuna da fensir. Hannuna ya yi abin da ya saba tun ina gaban Malam Ali. A cikin falankin gefe ɗaya, can ƙasa, na riga na rubuta abin da nake rubutawa a kowane aiki, kuma na bar gogewa sai ranar da za a ɗauka zuwa Zariya. Yanzu littattafai sun rufe wurin. Guntun samfefa na aljihuna. In ce a kwashe, sai an tambaye ni dalili, kuma idon Injiniya zai riga hannuna isa wurin. Na bar samfefar a aljihu. Ni na ɗora murfin, ni na ɗaure sukuru takwas ɗin, shi kuma ya ɗauko fenti ya rubuta lamba goma sha biyu a kai.

Da safe mota ta zo ta kwashe. Da aka watse Mama ta ce min, “To, Malam Sabo, mun yi asarar tebur.” Na ce zan nemo wani maɗacin. Ta ce in bari, kowane katako ma ya yi, abin da take so ya riga ya faru. Ban gaya mata zancen fensir ba. Kunya ta hana ni, da tsoro.

Wata uku da tafiyarsu Hannatu ta kira ni da sassafe, ta ce Mama ta cika, kuma ta bar wasiyya ni zan yi akwatin. Ban nemi awo ba, yana kaina. Afara na samu, ko gama bushewa bai yi ba, na buga shi da ƙusa cikin yini ɗaya, na sa a bayan akori-kura na bi shi har Zariya. Aikin gaggawa ne, ba na alfahari da shi. Na tsaya daga nesa a maƙabartarsu. Injiniya bai samu zuwa ba, tafiyar kwana uku ce a jirgin sama, kuma takardunsa ba su ba shi damar fita a shekarar farko ba. Wani ya ɗaga waya sama yana nuna masa ramin. Hannatu ta gaya masa ciwon farat ɗaya ne, kamar yadda uwar ta umarce ta.

Kaya a jirgin ruwa ba sa sauri. Sai bayan wata biyu da binne ta akwatunan suka isa. Ina shago da azahar, ina fere ƙafar wani benci, waya ta yi ƙara da wata doguwar lamba.

“Malam Sabo, Bitrus ne.”

Na yi masa gaisuwa, na yi masa ta'aziyya. Na tambayi kaya, ya ce ko kofi ɗaya bai fashe ba, keken Madam har ta fara ɗinki. Ina jin iska na kaɗawa a wajensa.

“Na kwashe littattafan,” in ji shi. “Akwai rubutu a ciki. Bari in karanta maka. Mama Talatu. Tsawo, ƙafa biyar da inci ɗaya. Kafaɗa, inci goma sha shida. Ɓangaren kai.”

Na ajiye abin da ke hannuna.

“Rubutunka ne?”

“Nawa ne, Injiniya.”

“Tun yaushe ta sani?”

Na gaya masa duka, tun daga ranar Talatar nan har zaren da ta ƙulle. Bai katse ni ba. Na jira ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Da na gama sai ya ce, “Ni na roƙe ta ta miƙo min littattafan. Ina dariya.” Na ce ita ta so haka. Ya ce ya sani.

Can ya ce, “Jiya da Rifkatu ta tafi makaranta na shiga ciki na kwanta. Bai ɗauke ni ba, Malam Sabo. Gwiwoyina a waje.”

Na ce, “Ba awonka ba ne, Injiniya.”

Ya ce, “Haka ne,” ya kashe wayar. Bai sake kirana ba. Hannatu ta ce suna can har yanzu, ya haƙa rijiyoyi da yawa, akwatin kuma yana ɗakinsa, ba ya sa komai a ciki, ba ya bari a zauna a kai.

To kun ji. Ku da kuke cewa buga ƙusa ne. Wanda ke son koyo a cikinku ya zo gobe da safe, kada ya kawo guduma, ina da su. Fensir zan ba shi. Zan koya masa ya rubuta a cikin kowane falanki kamar yadda aka koya min, sannan zan koya masa abin da Malam Ali bai koya min ba: kafin ya ɗora murfi, ya leƙa ciki ya karanta abin da hannunsa ya rubuta, ya tambayi kansa wa zai buɗe.